Ibn Battuta: Matafiyin da labarin rasuwar mahaifinsa ya yi shekara 15 kafin ya riske shi

Cikin barkwancin da ke yawo a wayoyi akwai wani salo da ba ya tsufa. A ɗauko mashahurin mutumin da ya bar duniya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a danƙa masa wayar salula, a zuba ido a ga abin da zai yi da ita. Sai ka ga an nuno Mansa Musa yana rabon zinare kai-tsaye a TikTok, ko wani sarkin yaƙi yana korar kwamandojinsa daga zauren WhatsApp don sun karanta saƙonsa ba su amsa ba.

In dai wannan wasan ne, babu wanda rigar ta fi zauna wa kamar Ibn Battuta. Mutum ne da ya shafe kusan shekara 30 yana yawo, ya taka ƙasashen da a taswirar yau sun haura 40, kuma ba ya wuce gari bai faɗi abin da aka ba shi ya ci ba, da malamin da ya gana da shi, da ko sarkin garin mai kyauta ne ko marowaci. Da yana da waya, da caji bai taɓa kwana a cikinta ba.

To amma duk wanda ya bi tarihinsa zai ga dariyar tana da iyaka. Rayuwarsa kaf labarin saƙo ce: wanda ya iso da wuri, wanda ya makara, da wanda ya kawo da bakinsa aka ƙi yarda da shi.

Daga Tanja, shi kaɗai

An haifi Abu Abdullahi Muhammad ibn Battuta a watan Fabrairun 1304 a birnin Tanja da ke arewacin Maroko, a gidan malamai da alƙalai 'yan mazhabar Malikiyya. A watan Yunin 1325, yana ɗan shekara 21, ya fita da niyyar aikin Hajji, ba abokin tafiya, ba ayari. Iyayensa biyu suna raye lokacin. Bai ƙara ganin ko ɗayansu ba.

Farkon tafiyar bai yi kama da na jarumi ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya har sai da ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo. Da ayarin da ya haɗu da shi ya isa Tunis, jama'a suka fito tarbar 'yan uwansu, kowa na gaisawa da nasa, shi kuwa ba wanda ya ce masa sannu. Sai ya fashe da kuka. Amma kafin su bar garin, mahajjatan sun naɗa shi alƙalin ayarinsu. Daga nan ya gano abin da zai ciyar da shi har ƙarshen yawonsa: ilimin fiƙihu da harshen Larabci suna buɗe ƙofa a ko'ina cikin duniyar Musulmi.

A Iskandariyya ya sauka wurin wani shehi mai suna Burhanuddin, wanda ya ba shi sallahu ga 'yan uwansa uku a tafarkin sufanci, ɗaya a Indiya, ɗaya a Sind, ɗaya a ƙasar Sin. A lokacin ko mafarkin zuwa waɗannan wurare saurayin bai yi ba. Daga baya ya ce ya iske dukkansu uku ya isar da gaisuwar. Ta ƙarshen ta ɗauki kimanin shekara 20 a hanya.

Ya yi Hajjin farko a 1326. Maimakon ya juya gida, sai ya nausa Iraƙi da Farisa, ya dawo Makka ya zauna, ya gangara Yaman, ya bi gaɓar gabashin Afirka ta Mogadishu da Mombasa har Kilwa. Daga baya ya ratsa yankin Turkiyya ta yau, ya haye Baƙin Teku, ya raka wata matar sarkin Mongol zuwa Kustantiniyya, wato Istanbul, sannan ya bi ta Bukhara da Samarƙand ya tsallaka duwatsun Hindu Kush.

Inda wasiƙa ke gudu

A gaɓar kogin Indus, kan iyakar daular Delhi, ya ga abin da ya fi kusa da abin da yau ake kira saƙon nan-take.

Tsakanin Sind da Delhi tafiyar kwana 50 ce, amma wasiƙar jami'an Sarki Muhammad bin Tughluk tana isa cikin kwana biyar. Hanya biyu ake bi. Akwai ta dawaki, inda ake canza doki duk bayan mil huɗu. Akwai kuma ta 'yan gudu, wadda ta fi sauri: an raba kowane mil gida uku, a kowane zango mutane na zaune cikin shiri. Mai gudu yana riƙe da wasiƙa a hannu ɗaya, a ɗayan kuma sanda mai ƙararrawar tagulla. Da na gaba ya jiyo ƙarar sai ya miƙe, ya warce wasiƙar ya zura da gudu. Ta wannan hanyar ake kawo wa sarki 'ya'yan itatuwa daga Khurasan ba su lalace ba, ta nan ake kai masa ruwan sha daga kogin Ganga idan yana Daulatabad.

Kuma ba wasiƙar gaisuwa kaɗai ke bin hanyar ba. Duk baƙon da ya shigo, 'yan rahoto za su rubuta kamanninsa, da tufafinsa, da yawan barorinsa da dabbobinsa, da yadda yake zama da tashi, su aika fada. Baƙo zai jira a Multan har amsa ta dawo, a san irin tarbar da ta dace da shi. Wato kafin Ibn Battuta ya ga Delhi, Delhi ta riga ta gama karanta shi.

Sarkin ya naɗa shi alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara. Ya yi ƙorafin cewa shi ɗan Malikiyya ne alhali mutanen garin Hanafiyya ne, ga shi ba ya jin yarensu, sai aka haɗa shi da mataimaka biyu da za su riƙa yin aikin. Duk da wannan albashi, bashin dinari 55,000 ya hau kansa saboda rayuwar ƙasaita, har sai da ya tsara wa sarki waƙar yabo don a biya masa.

Muhammad bin Tughluk mutum ne mai kyauta kamar ruwan sama, mai zubar da jini kamar wasa. Wata rana ya kama wani shehi da ya ƙi yi masa biyayya, ya nemi sunayen duk waɗanda suka taɓa ziyartarsa. Sunan Ibn Battuta na ciki. Aka sa bayi huɗu su tsare shi, abin da a fadar kan zama share fagen kisa. Ya yi kwanaki yana azumi yana sauke Alƙur'ani. Aka kashe shehin, shi aka sake shi. Ya rabar da dukiyarsa ya koma zaman zuhudu na wasu watanni, har sarki ya kira shi a 1341 ya ce ya shirya, shi ne jakadansa zuwa Sin.

Jakadancin bai yi albarka ba. Ba su yi nisa da Delhi ba 'yan tawaye suka kama shi suka tuɓe shi, da ƙyar ya sha. A tashar Kalikut kuma, ya tsaya a tudu don sallar Juma'a, guguwa ta tarwatsa jirgin da ke ɗauke da kyaututtukan sarki, manyan abokan tafiyarsa suka halaka. Ƙaramin jirgin da kayansa ke ciki ya ɗaga ya bar shi a bakin teku da dinari goma da shimfiɗa guda. Ya san irin saurin da labari ke yi zuwa Delhi, ya kuma san halin mai karɓar labarin. Bai koma ba.

Wuri, hoto da ɗan gari

Ya faɗa tsibiran Maldif, inda nan ma aka ba shi alƙalanci, ya auri mata huɗu, ya yi ta fama da matan tsibirin su riƙa rufe jiki, suka ƙi. A can ya ga inda ake tara wuri daga teku, ana sayar da 400,000 a kan dinari ɗaya. Shekaru bayan haka zai ga wurin a Mali da Gao ana canzar da 1,150 kacal a kan dinarin zinare. Wannan wurin ne daga baya ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa.

Daga nan sai Siri Lanka, Bengal, Sumatra, har tashar Zaitun a kudancin Sin wajen 1345. Kuɗin takarda ya ba shi mamaki, amma masu zane sun fi ba shi. Ya ce idan ya shiga gari ya dawo ta kasuwa, sai ya tarar da hotonsa da na abokan tafiyarsa a manne a bango, kamar su ɗaya sak. Aka gaya masa al'ada ce: ana zana duk baƙo, in ya yi laifi ya gudu sai a watsa hotonsa a garuruwa a kamo shi. Ko a ƙarni na 14, wanda hotonsa ya bazu ba shi da wurin ɓuya.

A wani birnin Sin ɗin ne aka kawo masa wani attajirin malami. Suna cikin gaisawa ya ƙura masa ido, ya tambaye shi garinsu. Mutumin ya ce Sabta, shi kuma ya ce Tanja, garuruwa biyu maƙwabta a bakin teku ɗaya. Suka yi ta kuka. Sunan mutumin al-Bushri. Bayan wasu shekaru, a Sijilmasa da ke bakin Sahara, Ibn Battuta ya sauka a gidan ɗan uwan wannan mutum. Wa da ƙani, ɗaya a Sin ɗaya a Maroko, kuma babu abin da ya sada labarinsu sai ƙafar baƙo.

Saƙon da ya makara

A 1348 ya iso Dimashƙa a hanyarsa ta komawa yamma, bayan kimanin shekara 20 rabonsa da birnin. Ya bar mata da juna biyu a can, kuma tun yana Indiya ya ji ta haifi namiji, har ya aika da kuɗi. Da ya tambaya, aka ce yaron ya rasu shekara 12 da suka wuce.

Sai aka nuna masa wani malami ɗan Tanja da ke zaune a wata makaranta a birnin. Ya je ya tambaye shi labarin gida. Malamin ya ce mahaifinsa ya rasu shekara 15 ke nan, amma mahaifiyarsa tana nan da rai.

Shekara 15. A tsawon wannan lokaci ya yi alƙalanci a Delhi, ya yi aure ya yi saki, ya je Sin ya dawo, yana ɗauka yana da uba a Tanja. Mutumin da ya ga wasiƙar sarki tana cin tafiyar kwana 50 cikin kwana biyar, shi ba a samu wanda zai kawo masa layi ɗaya ba. Saurin saƙo a zamanin na masu mulki ne. Talaka da matafiyi sai dai su jira Allah Ya haɗa su da ɗan gari.

Shekarar ce kuma annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta mamaye yankin. Ya ga mutanen Dimashƙa sun yi azumin kwana uku, sun fito ba takalmi, Musulmi da Yahudawa da Kiristoci, manya da yara, suna roƙon Allah. Ya ce mamata sun kai 2,000 a rana. Ya sake yin Hajji, sannan ya kama hanyar gida. Yana dab da isa, a kusa da garin Taza a 1349, aka gaya masa annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Kabarinta ya ziyarta a Tanja.

Gurasa uku a fadar Mali

Wani zai ce ya isa haka. Shi kuwa ya haye Andalus ya ga Garnaɗa, ya dawo, sannan a Fabrairun 1352 ya bi ayari daga Sijilmasa ya shiga Sahara. Bayan kwana 25 suka isa Tagaza, garin da aka gina gidajensa da masallacinsa da dutsen gishiri aka rufe da fatun raƙuma.

A wannan hanya saƙo rai ne. Kafin zango mafi tsawo marar ruwa, ayari kan ɗauki hayar mutum ɗaya daga ƙabilar Massufa ya yi gaba da wasiƙu zuwa Walata, don mutanen garin su fito da ruwa su tarbe su tafiyar kwana huɗu. In ɗan aiken ya ɓace ko ya mutu, ba wanda zai san ayari na tafe, sai ƙishi ya gama da su. Nasu ayarin ya biya miskali 100 na zinare. Ibn Battuta bai manta daren da suka hango wutar masu tarba ba.

A babban birnin Mali ne ya yi abin da ya fi dacewa da masu barkwancin yau. Sarki a lokacin shi ne Mansa Sulaiman, ɗan uwan Mansa Musa. Aka ce ga kyautar sarki ta iso, baƙo ya miƙe tsaye yana jiran riguna da kuɗi. Da aka buɗe, sai ga gurasa uku, da yankan naman sa soyayye, da ƙwaryar nono. Ya yi dariya.

Ya yi jinyar wata biyu bayan wani abinci da ya kashe ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa. Da ya warke ya ga har yanzu shiru, sai ya tsaya a gaban sarki, ta bakin tafinta Dugha, ya tuna masa cewa ya zaga duniya ya gana da sarakunanta, ga shi wata huɗu a ƙasarsa ba a ba shi komai ba, to me zai faɗa a kansa a gaban sauran sarakuna? Sarki ya ce shi bai ma san da zamansa ba. Amma nan take aka ba shi gida da abin masarufi, kuma da zai tafi aka sallame shi da miskali 100.

Barazana ce ƙarara, kuma ta yi aiki, domin a zamanin bakin matafiyi shi ne gidan jarida. Sai dai kuɗin bai sayi bakin ba: har yau a littafinsa Mansa Sulaiman marowaci ne. Duk da haka ya yaba wa mutanen Mali kan tsaron hanya, da ƙin zalunci, da cika masallaci ranar Juma'a cikin fararen kaya, da nacewa kan yara su haddace Alƙur'ani.

Bayan wata takwas ya wuce Tambutu da Gao, yana ɗauka kogin Neja shi ne Nilu, har ya isa Takedda, wadda masu bincike ke dangantawa da kangon Azelik a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar. Ya ga ana narka tagulla ana yin sanduna da ake ciniki da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Borno da wata ƙasa da ya kira Kubar, sunan da masana da yawa ke karantawa Gobir. A nan ɗan aiken Sarkin Maroko Abu Inan ya cim masa da umarnin ya dawo. Wannan saƙon, da yake na sarki ne, bai ɓata hanya ba.

Ya tashi a Satumban 1353 cikin ayarin da ke ɗauke da kuyangi kusan 600. Ya ambaci adadin ya wuce, kamar mai ƙirga raƙuma. Shi kansa ya sayi bayi ya sayar a wurare da dama, ya kuma bar mata da 'ya'ya a garuruwan da bai sake komawa ba. Wannan ɓangaren ba ya shiga barkwanci.

Da ya dawo, aka ce ƙarya yake

A Fas, Abu Inan ya umarci wani matashin marubuci ɗan Garnaɗa, Ibn Juzayy, ya rubuta abin da matafiyin zai faɗa. Aka kammala shiftar a Disamban 1355. Littafin shi ne aka fi sani da Rihla.

Mafi yawansa daga ka ya fito. Ko bayanan da ya kwafo daga kaburburan malamai a Bukhara sun salwanta lokacin da 'yan fashin teku suka washe shi a gaɓar Indiya. Ba hoto, ba takarda, ba shaida sai bakinsa.

Ibn Khaldun, wanda yake matashi a fadar Fas a lokacin, ya rubuta a Muƙaddima cewa fadawa na raɗe-raɗin dattijon maƙaryaci ne, musamman da ya ce idan Sarkin Delhi ya dawo daga tafiya ana harba dinari da dirhami kan jama'a da majaujawar yaƙi. Shi ma Ibn Khaldun ya yi shakka, ya kai maganar wurin waziri Faris ibn Wadrar. Wazirin ya ja masa kunne da labarin wani yaro da ya girma a kurkuku tare da mahaifinsa, bai taɓa ganin wata dabba ba sai ɓera. Duk lokacin da uban ya siffanta masa rago ko raƙumi, sai yaron ya tambaya ko kamar ɓera yake.

Amma masu shakkar ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Binciken zamani ya nuna an kwafo sassa na bayanin Dimashƙa da Makka da Madina da Bagadaza daga littafin Ibn Jubair, matafiyin Andalus da ya riga shi da fiye da ƙarni guda. Masana da dama ba su yarda ya je Bulghar a kan kogin Volga ba, kuma suna tantama kan zuwansa Beijin. A ɗaya hannun, abin da ya faɗa kan Delhi da Maldif da Mali ya yi daidai da wasu majiyoyi ta fuskoki masu yawa, har ya zama babu mai rubuta tarihin Mali ta ƙarni na 14 bai jingina da shi ba.

Bayan littafin sai ya yi shiru. Ya yi alƙalanci a wani gari a Maroko, ya rasu a shekarar 770 ta Hijira, wato 1368 ko 1369. Rihla ta zauna a ɗakunan karatu na arewacin Afirka har Faransawa suka samu kwafe-kwafenta a Aljeriya a shekarun 1830, aka buga ta cikakkiya a Paris cikin juzu'i huɗu tsakanin 1853 da 1858.

Yau filin jirgin saman Tanja sunansa yake ɗauke da shi, haka wani rami a duniyar wata. A Dubai kuma akwai katafariyar kasuwar zamani da aka buɗe a 2005 da sunansa, aka raba ta sassa shida: Andalus, Tunisiya, Masar, Farisa, Indiya da Sin. Mai ziyara kan ratsa su duka cikin sa'a guda, ya tsaya a gaban jirgin ruwan Sin da aka girke a ciki ya ɗauki hoto, ya tura gida kafin ya kai bakin ƙofa.